Tseren Bikon Saude

"Ka saurare ni mana, Lado," in ji Ɗanmalam daga kan tabarma, ya miƙe ƙafarsa da kurkunu ya kumbura. "Birkin hannu ya tsinke tun bara, na ƙafa za ka taka. Wannan na hagu kuwa ba birki ba ne, kuloci ne."

Lado ko juyowa bai yi ba. Yana kan babur ɗin da ya zo aro, yana gyara karin hula a madubi.

"Ni za ka koya wa babur? Tun kana hawan jaki nake murza totur."

Ƙarya yake. Abin da Lado ya taɓa mallaka wani ɗan tsurut ne mai feda kamar keke, birkinsa biyu duk a hannu, in an zo hawa sai an sauka an tura. Shi ma ya mutu tuni. Na Ɗanmalam kuwa ƙato ne baƙi, ɗan Ingila, nauyinsa kamar maraƙi. Amma Lado irin mutanen nan ne da ko hanyar gidansu suka ɓata ba sa tambaya.

Shekarar samun 'yancin kai ce, kaka ta shigo. Masu babura na Rano, su malamin gona da masu awon gyaɗa, suka shirya tsere don shagali: Asabar gwaji, Lahadi a fafata daga Rano zuwa Kibiya, wanda ya zo na ɗaya a ba shi rago. Lado bai damu da rago ba. Matarsa yake nema ta dawo.

Saude ta yi yaji tun farkon damina. Langar jerenta ya ɗauka ya wanke sassan babur da kananzir a ciki, da ta yi magana ya ce a gaban maƙwabta babur ya fi ta amfani. Ta naɗe kayanta sai gidan ubanta, Malam Ramalan, a Fammar. Lado ya aika biko, tsohon ya mayar da 'yan aiken da magana guda: yaron nan bai san girman mutum ba, in kaka ta wuce bai koya ba, sai a haɗu gaban alƙali. Abin ya shiga ran Lado, don da duk sakarcinsa yana son Saude, gidan ya yi masa faɗi.

To, sai ya ji labarin Malam Ramalan zai zauna da dattawa gindin tsamiyar gangaren shiga Kibiya su yi kallo. Nan dabara ta faɗo masa. Zai shiga tseren, ana tsakiyar gudu ya tsaya cak gaban tsamiya, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya bar nasara ta wuce. Duniya ta shaida. Wane uba ne zai riƙe 'yarsa bayan wannan? Har gwajin durƙuson ya yi a ɗaki. Ladabin Lado ke nan, sai an tara masa 'yan kallo.

Ranar Asabar ya yi ta zagaye fili, in zai tsaya sai ya nufi yashi ya ja ƙafa har injin ya mutu.

"Taka birkin mu gani," in ji Ɗanmalam.

"Gobe ka gani."

Lahadi da hantsi aka busa usur, babura suka tashi. Gaskiya babur ɗin Ɗanmalam ya yi halinsa. Tun ba su bar gonakin dawar Rano ba Lado ya tsinci kansa cikin na gaba, tsakuwa na feshi, riga ta cika da iska, shi kuwa har ya fara ganin iyawarsa ce. Suka gangaro Kibiya. Ga tsamiya, ga jama'a maƙil, ga dattawa kan buzaye, Malam Ramalan a tsakiya cikin farar riga. Sauran mahaya suka rage gudu kamar yadda duk ɗan halak zai yi a gaban manya.

Lado ya ce lokaci ya yi. Ya damƙe birkin hannu na dama, ya ji shi sakwaf. Ya damƙe na hagu iya ƙarfinsa. Babur ya saki jiki ya ƙara mirginawa a gangare, injin ya kwarma ihu kamar ana yanka shi, daidai kunnen dattawa. Tsoro ya ƙame masa hannun dama a kan totur. Birkin ƙafa yana nan ƙarƙashin takalminsa, ko tunawa da shi bai yi ba. Ya ga fuskar surukinsa tana tahowa, ya ga dai ba tsayawa zai yi ba, zuciyarsa ta ce ko gaisuwar hannu ce ka yi.

Ya saki kuloci ya ɗaga hannu. Na hagu.

Babur ya zabura ya watsa jar laka kan farar rigar nan, ya wuce da Lado, takalmi a ƙafa, hula a ka, hagu a sama. A gindin tsamiya wani tsoho ya ce, "Innalillahi!"

Shi ya zo na ɗaya, ba ko na kusa. Tarin harawar gyaɗa ne ya tsayar da shi bayan kasuwa. Samari suka zaƙulo shi suka ɗaga sama, maroƙi na cewa namijin duniya, ba ka san birki ba! Maroƙin bai taɓa faɗar gaskiya irin ta ranar ba. Aka danƙa masa igiyar rago, yana dariyar yaƙe.

Litinin da safe ya ja ragon a ƙafa har Fammar. Tun daga bakin gari ya tuɓe takalmi, ba mai kallonsa sai awaki. Malam Ramalan na ƙofar gida da maƙwabcinsa Alu suna tsinkar gyaɗa. Daga cikin gida ana jin daka, Lado ya san hannun Saude ne. Ya durƙusa ya yi sallama. Tsohon ya amsa sallamar, don ita ta Allah ce, bai ɗago ba.

"Alu, wane ne?"

"Lado ne, Malam."

Malam Ramalan ya tsinke gyaɗa ya jefa a kwando.

"A'a, duba da kyau. Lado ai ba ya tsayawa."

Tsohon ya miƙe ya kakkaɓe riga ya shige zaure. Can ciki dakan ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.