Saniya a Sama, Fartanya a Ƙasa

Duk wanda ya iya kallon hoto ya iya kwamfuta. Malam Mannir, sabon shugaban ofishin rajistar manoma a Safana, shi ya faɗi haka ranar Litinin, ya sa aka rubuta a kwali aka manna a bango. An kawo sabon tsari daga birni. An daina buga wa na'ura umarni a baƙin allo kamar masu duba. Yanzu hotuna biyu ne: fartanya ga mai neman taki, saniya ga mai neman dusar dabbobi. Ka ja kibiya, ka danna, shi ke nan.

Badaru ya tafa tare da kowa. Shekara goma sha ɗaya yana rajista a baƙin allon nan, kuma shekara uku ke nan ganinsa yana ja baya, ba wanda ya sani sai matarsa. Baƙin allo ne ya rufa masa asiri. Yakan ƙara girman haruffa, fari a kan baƙi, yatsunsa kuwa sun haddace hanya. Sabon allon fari ne fat, hotunan biyu a idonsa wasu ɗigo-ɗigo ne kore. Ga shi ana rage ma'aikata, a shekarar da masara ta fi ƙarfin albashi.

Ya yi dabara: fartanya hagu, saniya dama. Kwana uku tana yi masa aiki. Ranar Alhamis, ranar rufe rajista, masu tsarin suka aiko da gyara don ƙara sauƙi. Da allon ya dawo, ɗigon biyu sun koma ɗaya a kan ɗaya.

Layi har bakin ƙofa, kowa na son kama hanya kafin la'asar, don ba a bin ta bayan nan. Wani dattijo ya zauna a gabansa. Da murya Badaru ya gane shi: Hamidu ne, na ƙauyen Babban Duhu, wanda ɓarayin daji suka kore wa shanu bara.

"Baffa, an zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Sai godiya, Malam. Bana taki za ka sa mini. Ko akuya ba su bar mini ba, sai gonar."

Badaru ya ɗora hannu a kan maus, abin jan kibiyar. Sai ya ji ƙamshin turare a bayansa.

"Badaru, wai me kake jira?" in ji Malam Mannir. "Jikata 'yar shekara biyar ta iya wannan."

"Yanzu, ranka ya daɗe."

A da sai ya buga suna, ya buga taki, ya karanta abin da ya buga, in da kuskure ya goge. Sabon tsari ba ya tambaya sau biyu. In ka danna ta tafi birni, gyara sai shugaba ya rubuta dalili. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama, wanne ne a sama, kuma ita ce za ta raba shi da kujerar.

Ya ce a ransa, duk mai hankali noma zai sa a sama. Ya danna.

Na'ura ta turo takarda. Badaru ya miƙa hannu ya damƙi iska, ya sake lalubawa, sannan ya kamo ta. Hamidu yana kallon hannun. Ya karɓa, ya duba. Bai yi boko ba, amma ya yi shekara hamsin yana bin abin da ke jikin takardar.

"Baba, ka gane abin da aka zana?" Malam Mannir ya tambaya, da ƙarfi don layi ya ji.

"Na gane. Saniya ce."

"Kun gani ko? Ko aji ɗaya bai shiga ba, ga shi ya karanta! Ita ka nema ai?"

Badaru ya ji dattijon ya matso. Hamidu ya daɗe yana duban fuskarsa.

"Ita na nema," in ji Hamidu.

Ya ninke takardar, ya tura cikin hula, ya ɗauki sandarsa. Da zai miƙe ya dafa tebur, ya ce a hankali, "Allah ya ƙara lafiya, Malam."

"Na gaba!" in ji Malam Mannir.

Daga nan har aka tashi Badaru bai sake kuskure ba, tunda yanzu ya san wanda ke sama. Hamidu kuwa ya samu motar ƙarshe. Ya zauna a baya ya dafe hularsa, kada iska ta ɗauke masa takardar dusa.