Tara da Huɗu

"Wai matarka ta san abin da take buga maka kuwa?"

Malam Tillotson ne ya tambaya, abokin koyarwar mijinta, bakinsa cike da kek ɗin da ita ta gasa. Ƙofar falo a buɗe, Arlis na zaune a kicin gaban tafireta, tana jin komai. Sai mijin nata, Wendell, ya yi dariya, ya ce ai da ita da tafiretar duk ɗaya ne, abin da ka sa musu shi suke fitarwa.

Duk ɗaya...

Yatsunta na kan haruffa, sun ƙi motsi. Shekara uku! Shekara uku kowace Lahadi yana murɗa hannun injin lissafin nan, ƙarr, ƙarr, a kan lamba guda mai alƙaluma ashirin da uku, wadda wani ya buga a mujalla ya ce wa zai iya gano lambobin da suka haife ta. Yanzu wai ya gano. Guda biyu, kowacce ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, in an ninka su a samu uwar. Jibi zai hau jirgin ƙasa zuwa Chicago, ya rubuta su a allo gaban manyan malamai.

Shekara uku ba rediyo a gidan. Da safa take yawo kada katako ya yi ƙara. Bikin ƙanwarta a Fargo — "Je ki ke kaɗai, ina tsakiyar lissafin rabawa." Ita kaɗai a mota, rigar biki a cinya, mutane suna ta ina maigidan, ina maigidan...

"Ki duba lambar sau uku," ya ce mata da safe, da ya ba ta jawabinsa ta buga. "Na san halinki." Me ya sani? Ta duba. Ta duba da littafinsa, sannan don tsoron faɗa ta ciro tsohuwar mujallar daga ƙasan akwati, ta bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yadda take bin lambar riguna a gidan wanki kafin aure.

A mujalla: huɗu, sannan tara. A littafinsa, shafin farko, da rubutun hannunsa mai kyan nan: tara, sannan huɗu.

Littafi na biyu haka. Na shida haka. Na sha ɗaya haka.

Kuskuren ba nata ba ne. Lambar da ya shekara uku yana sara, ba wanda ya tambaye shi ita. Ya kwafa a juye tun ranar farko, bai sake waiwayar mujallar ba — don me zai waiwaya? Shi ne fa.

Ta tashi ta faɗa? A gaban baƙo? Ita da ko gishiri ba ta iya roƙa a teburin mutane? Ko in baƙon ya tafi... zai dube ta ta saman tabarau, ya ce aji nawa ta gama. In ya duba ya ga gaskiya ce, wannan ya fi muni. Ba zai yafe ba. Lambar zai yafe wa, ba ita ba.

In kuma ta yi shiru, wani tsoho a layin gaba zai buɗe mujalla, ya ɗaga hannu. Ɗaki cike. Alli a hannun Wendell.

Ƙirjinta na zafi, kuma akwai wani abu a ƙarƙashin zafin, mai daɗi-daɗi, da ba ta so ta kalla.

"Arlis, shayin fa?"

"Ga shi nan zuwa."

Ran Litinin zai sauko daga jirgi, gidan nan zai dawo, ita ce za ta karɓi jakarsa. Ta sani. Ta gaji tun yanzu.

Ta gyara takarda. Ba wanda zai ji daga bakinta: ba shi ba, ba ƙanwarta ba, ba kowa ba. Ta danna tara. Ta danna huɗu, yadda yake a littafinsa.