Ƙarar da Yemima Kaɗai Ke Ji

Mijina Luke dattijo ne a ikilisiyarmu, yana kuma da shagon kayan masarufi kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Ba abin da ya tsana kamar samarin da ke cika barandar shagon in an tashi makaranta, suna latse-latsen waya, ko ashana ba sa saye. Korarsu kuma ba ta yiwuwa, don rabinsu 'ya'yan 'yan cocinmu ne, shi kuwa mutum ne mai son a ce masa mai haƙuri.

Kwatsam yaran suka daina zuwa. Luke ya ce addu'a ce ta ci. Ni da wautata na ce amin.

A satin ne 'yarmu Yemima, mai shekara goma sha huɗu, wadda ke tsare shagon da rana, ta fara kuka da kunne.

"Mama, wani ƙara yana shiga kaina kamar allura."

Na kasa kunne, ban ji komai ba. Maƙwabciyarmu Adaku ma ta saurara, shiru. A asibiti suka ce kunnenta lafiya lau. A wurinmu kuwa, yaron da ke jin abin da manya ba sa ji, an san inda ake kai shi. Matan zumuntar cocinmu suka ce mugun ruhu ne. Ni da hannuna na kai ta gidan addu'a a gindin dutsen Kagoro, aka sa ta azumin kwana uku, ko ruwa babu. A can ƙarar ta ɗauke, muka yi ta Halleluya. Ranar da ta koma shago, abin ya dawo. Muka sake kai ta. Aka cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, ƙawayenta suka riƙa canja benci in ta zauna. Duk a idon ubanta, shi ne ma ke jan addu'ar a gida.

Wata Talata da rana ina shagon aka ɗauke wuta. Sai na ga kafaɗun yarinyar sun sauka, ta yi ajiyar zuciya. Luke ya tayar da janareta, nan take ta runtse ido. Shi kuma ya saci kallon ƙarƙashin kwanon rufin baranda. Na bi idonsa, sai ga wani ɗan baƙin akwati da wayar wuta a jikinsa, an ɓoye shi bayan katako.

"Baban Yemima, mene ne wancan?"

Ya yi ta kame-kame kafin ya faɗa. Daga Kaduna ya sayo shi. Ƙara yake fitarwa mai tsini, wadda kunnen yara kaɗai ke kamawa, namu na manya ya riga ya tsufa.

"Wato ka sani tun farko?"

"Ki rage murya mana. In mutanen coci sun ji na kori yaransu da inji, ina zan sa fuskana?"

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a ranar ba, amma kaina na fi tsana. Na durƙusa gaban yarinyar, na kama hannuwanta da azumi ya ramar.

"Yemima, gaskiyanki ne, 'yata. Akwai ƙaran. Kina jin shi yanzu, ko?"

Ta kalli ubanta, ta kalle ni. Jijiyar wuyanta ta miƙe, hawaye na zuba.

"A'a, Mama, ba na jin komai. Na warke. Don Allah kar a mai da ni Kagoro."