Koriyar Fitilar Baba Ndaliman

Safiyatu ta jira sai da ta ji ƙarar guga a rijiyar bayan gida, sannan ta sunkuya ta zare wayar wutar abin daga bango. Abin bai wuce girman ƙaramar gwanda ba, baƙi wuluk, da ido ɗaya na gilashi a tsakar ka. Ta naɗe wayar a jikinsa, ta cusa shi a jakar da ke ƙarƙashin hijabinta. Baba Ndaliman yana kwance yana barcin la'asar, baki a buɗe. Bai motsa ba.

"Mama, har za ki tafi?" in ji Sa'adiya, matar ɗansa, tana shigowa tsakar gida da bokiti.

"Na bar tukunya a wuta."

Ko ashana ba ta ƙyasta ba tun rana.

Shekara ashirin da biyu ke nan katanga ɗaya ce tsakanin gidan Safiyatu da na Ndaliman a Maitumbi. Shi mutumin Bida ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Kafin matarsa ta rasu ta riƙe hannun Safiyatu ta ce, "Ki sa mini ido a kan tsohon nan." Safiyatu kuwa ba a ba ta irin wannan aiki sau biyu. Mace ce da ko gaisuwa aka yi mata da fara'a da yawa, sai ta kwana tana tunanin me ake nema a wurinta.

Tun da ɗansa Zikrullahi ya koma aiki Abuja ya bar matarsa da tsohon, gidan ya canza mata. Da farko wata igiyar fitilu aka zagaye silin ɗin ɗakinsa da ita, yanzu shuɗi, an jima ja, kamar ɗakin amarya. Daga baya aka cire ta, aka kawo wannan baƙin abu. Da an yi magariba sai tagar ta koma kore shar, wasu ɗigo-ɗigo na yawo a sama kamar tururuwa. Mai zuwa dubiya a wannan lokaci, a ƙofa Sa'adiya ke tsayar da shi, wai Baba ya kwanta. Amma ta bayan katanga Safiyatu tana jin muryarsa sarai: "Wuce. Wuce lafiya. Kai ma wuce." Su wa yake sallama a ɗakin da babu kowa? Ga shi kullum ƙara ramewa yake. Ta haɗa wannan da wancan, ta ga ba ta da sauran shakka: yarinyar nan akwai abin da take yi masa.

Ba ta son maganar ta fita a unguwa kafin ta samu hujja, don haka ta tari keke har Dutsen Kura, gidan Malam Muhyiddeen mai ruƙiyya. Ta tarar ya fita. Ta zauna a zaure da jakar a cinya, tana jin kamar abin yana kallonta ta cikin yadi, har aka idar da sallar magariba.

Malam ya karɓa, ya juya shi, ya duba gindinsa. Ya miƙa hannu ya jona a bango. Nan take zauren ya cika da korayen ɗigo. Safiyatu ta ja da baya tana a'uziyya.

"Hajiya, wannan ai fitilar ado ce," in ji shi, yana danne dariya. "Lesa suke ce mata. Ki shiga Kasuwar Kure, tuli-tuli za ki gani. Ɗakin 'yata ma akwai, har da rimot."

"To me ya sa kullum kore? Kuma da wa yake magana?"

"Wannan sai ki tambayi masu gidan. Sun san kin ɗauko?"

Ta sunkuya ta zare wayar daga bango.

"Ki mayar musu yanzu," ya ce, dariyar ta tafi.

A cikin keke ba ta saduda gaba ɗaya ba. Malam namiji ne, me ya sani game da makircin mata?

Tun daga bakin layi ta ji muryar. Tagar duhu ce, sai hasken tocila da ke kai-komo a ciki. Mata uku sun riga ta shiga. Baba Ndaliman yana zaune a gado, ana rirriƙe shi, yana fizga da ƙarfin da ba wanda ya san yana da shi.

"Fitila ya mutu! Jirgin Kano yana zuwa! Mutane cike! Ku tsayar, ku tsayar!"

Sa'adiya ta birkice ɗakin kaf. Ta ɗaga katifa, ta zubar da kwandon wanki, ɗankwalinta ya faɗi ba ta sani ba. Tana ganin Safiyatu ta kama hannunta.

"Mama, don Allah, da kika zo ba ki ga fitilar ba? Nan take kullum."

"Wace fitila?" Maganar ta fito da kanta.

"Koriyar nan. Shekara talatin Baba yana ba jirgi hanya. Tun da ƙwaƙwalwarsa ta fara taɓuwa, da duhu ya yi sai ya ga yana tasha. Da farko na sa masa mai canza launi, ranar da ta juya ja ya kusa faɗowa daga gado. In ya ga kore ne kawai hankalinsa ke kwanciya, sai ya yi ta sallamar jirage har barci ya ɗauke shi. Shi ya sa nake hana mutane shigowa. Ba na son a ga Baba haka, a ce ya haukace."

Jakar tana nan a ƙarƙashin hammatar Safiyatu. Soket ɗin ga shi, taku biyu. Ta dubi matan unguwa, ta ga fuskokin da ta sha yi wa raɗa a kan yarinyar nan, ta ji yadda labarin zai zaga kafin gari ya waye: Safiyatu ta shiga ɗakin majinyaci ta yi sata. Kunya ta riƙe mata hannu. Ta ce a ranta bari su ɗan rage, ta zame ta tura shi ƙarƙashin gado, sai a ce an gani. Minti biyar kawai.

Wata ta ruga neman koriyar leda a ɗaura a kan tocila. Sa'adiya ta hau gadon ta rungume shi tana cewa, "Baba, an tsayar, wallahi an tsayar." Bai ji ta ba. Idonsa na kan silin, yana neman abin da babu. Ya ƙara kiran jirgin sau biyu, na biyun a hankali. Sai numfashinsa ya sarƙe, hannunsa ya saki wuyan rigarta.

Hannun Safiyatu yana cikin jakar lokacin da aka fara salati.

Da hantsi aka kai shi. Likitan da aka kira ya ce zuciya ce, dama ta daɗe da gajiya, yau ko gobe ne. Safiyatu ta ji, ta so ta yarda, abin ya ƙi zama.

Bayan azahar ta shigo gidan da jakar, ta yanke cewa za ta ja Sa'adiya gefe ta faɗa mata komai. Ta same ta a tabarma cikin mata, ido a kumbure, ko ruwa ba ta sha ba.

"Sa'adiya, ina da magana."

"Mama, zauna nan," ta ce, tana matsawa. "Duk unguwar nan ke kaɗai ba ki taɓa fashin duba shi ba. Allah ya saka miki."

Safiyatu ta zauna. Kafin ta buɗe baki, yarinyar ta zame ta ɗora kai a cinyarta, kamar wadda aka sauke wa kaya. Ba a jima ba numfashinta ya daidaita. Wata tsohuwa ta ɗaga yatsa a leɓe, masu gaisuwa suka rage murya.

Ƙafar Safiyatu ta fara sagewa, gefen abin yana tokare mata haƙarƙari. Ba ta gyara zama ba. Ta ɗauki mafici da hannun da ba komai, tana kore wa yarinyar ƙuda.