Sabon Daro a Ƙarshen Benci

Ranar Asabar Mama Kwanye ta shiga kasuwa ta sayi sabon daro, ja, na roba. Ba wai cocinsu da ke unguwar Mairi ya rasa daro ba. Akwai tsohon na ƙarfe, wanda ya sha ƙafafun mata tun kafin tashin hankali ya shigo Maiduguri. Wannan sabon na mutum ɗaya ne, kuma duk matan zumuntar cocin sun san ko na wace ce.

A cocin nasu, kafin a ci Jibin Ubangiji, wato gurasar tunawa da Yesu, sai an yi wankin ƙafa, maza gefe, mata gefe. Mata sukan jeru a dogon benci, daro ɗaya, ruwa ɗaya, tawul ɗaya. Kowacce ta durƙusa ta wanke ƙafar ta kusa da ita, ta goge, su rungumi juna, daro ya matsa gaba. Mama Kwanye ce mai kawo ruwa tun shekaru, ita ke tsaye da bokiti har a gama.

To, bana akwai Gloria. An sace ta a hanyar Damboa tana budurwa, ta yi shekaru a daji a hannun ɗaya daga cikin mayaƙan, sai kwanan baya sojoji suka fito da ita. Iyayenta babu labari. Wata Babarbariya mai sayar da turaren wuta, Ya Kaltum, ita ta ba ta ɗaki a unguwar Galtimari. A coci kuwa ba wadda ta taɓa faɗa mata baƙar magana, a'a, mutanen Allah ne. Suna gaishe ta da bakin yatsu, suna cewa sannu da dawowa, sannan su ɗora jakunkunansu a wurin da za ta zauna.

Mama Kwanye ko gaisuwar ba ta yi. A wannan hanyar ta Damboa aka tare motar ɗanta Vandi, aka shiga da shi daji, kuma daga baya labari kawai ya dawo, gawa ba ta dawo ba. Tun daga ranar take zuwa coci kamar mai zuwa aiki. Tana waƙa, tana cewa amin, amma cikinta kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Duk sanda ta ga hannun Gloria, abu ɗaya take gani: hannun da ya tuƙa wa makasan ɗanta tuwo.

Ranar Asabar ɗin, tana riƙe da daron a bakin rumfar kasuwa, ko biya ba ta yi ba, sai ga Ya Kaltum da gaisuwarta ta Barbarci.

"Wushe, Maman Vandi. Dama ina neman ɗaya daga cikinku," in ji Ya Kaltum. "Yarinyarku fa ta ƙulle kayanta. Ta ce gobe za ta je cocinku, in ya zama kamar kullum, za ta koma inda ta fito. Wai a can, ko ba komai, in ta zauna ba mai matsawa. Ni Musulma ce, ban san abin da kuke yi a ciki ba, amma don Allah ku riƙe ta. In ta koma, mutuwa za ta yi."

"Allah ya kyauta," in ji Mama Kwanye. A ranta kuwa cewa ta yi, ta koma mana, wa ya riƙe ta? Ta biya, ta ɗora daron a ka ta nufi gida.

Lahadi ta zo da zafi tun safe, kwanon rufin coci yana ta ƙara. Shirin matan mai sauƙi ne, har suna ganin sun yi dabara. Za a zaunar da Gloria can ƙarshen benci, don kada ta taɓa ƙafar kowa. In tsohon daro ya iso kusa da ita, Mama Kwanye za ta ɗauke shi, ta ajiye sabon. Mama Kuve, wadda ke zaune kafin Gloria, za ta zuba mata ruwa da buta daga sama. An wanke ta ke nan, ba a kuma taɓa ta ba. Har wata ta ce ai girmamawa ce, wa aka taɓa saya wa sabon daro?

Fasto ya karanta yadda Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, sannan ya koma gefen maza. Mata suka ɗauki waƙa a hankali. Daro ya fara tafiya, ruwa yana sake launi da ƙurar Mairi da ta Galtimari da ta ko'ina. Ana rungume-rungume, wasu har da hawaye.

Da daron ya iso kusa da Gloria, Mama Kwanye ta sunkuya ta ɗauke shi, ta tura jan daron gaban Gloria da ƙafa. Takardar kanti ma tana manne a gefensa, ba wadda ta tuna ta ɓare.

Gloria ta dubi daron. Ta dubi tsohon da ke hannun Mama Kwanye. Ba yarinya ba ce, ta gane. Ta cire silifas ta sa ƙafafunta. Mama Kuve ta tsiyaya ruwan daga sama kamar mai ban ruwan shuka, ta miƙa mata tawul don ta goge da kanta, ta koma ta zauna da sauri. Runguma babu.

Mama Kwanye ta sauke numfashi. An gama, ta ce a ranta.

Sai ta ga Gloria ta miƙe, ta ɗaura tawul a ƙugu, ta durƙusa gaban wurin da ta tashi, tana jira. Waƙar ta fara yankewa baki bayan baki. A nan ne abin ya faɗo wa Mama Kwanye, ya faɗo wa kowa: ta ƙarshen benci ita ke wanke ƙafar mai kawo ruwa. Haka ake yi kullum. Shekara da shekaru ita ce ke zama a wannan wurin, amma da suke ƙulla dabararsu, ta tsare ƙafar kowa ta manta da tata.

"Mama, zauna," in ji Gloria.

Mama Kwanye ta tsaya ƙiƙam. Ta san in ta juya baya ba wadda za ta ga laifinta, kuma kafin rana ta faɗi Gloria ta kama hanya. Abin da take so ke nan tun jiya. Amma ba ta taɓa cin Jibi da ƙafa busasshiya ba. Ta ajiye tsohon daron, ta zauna, fuskarta a ɗaure.

"Bari in kawo wani ruwa," in ji Mama Kuve.

Kafin ta motsa, Gloria ta ɗaga ƙafar tsohuwar ta sa a cikin jan daron, cikin ruwan da ya sauka daga nata ƙafafun. Hannunta kaushi ne da shi, amma a hankali take bi, tsakanin yatsu, bayan dunduniya, inda faso ya tsage. Daga sama Mama Kwanye ta hango idon sawun yarinyar, da wani baƙin tabo da ya zagaye shi, irin wanda ɗauri ke bari. Haushi ya taso mata, ya haɗu da wani abu da ta daɗe tana dannewa, maganar ta fito da kanta.

"Ɗana a can ya mutu," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba fasto, ba addu'a, ba kabari. Ke da kika zauna da su, faɗa mini. Ina Allah yake a wannan dajin?"

Gloria ba ta ɗago ba. "Ban san ɗanki ba, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na ga waɗanda aka kashe, da yawa. Ni ma sun ƙwace komai. Sun ƙona Littafina Mai Tsarki, sun sake mini suna, ko sunan Yesu ban isa in kira da baki ba. Kullum bincike, har gashin kaina. Nan ne kawai ba su iya buɗewa ba." Ta taɓa ƙirjinta da jiƙaƙƙen hannu. "Allah yana ciki, Mama. Bai tsaya a bakin titi ya bar mu mun shiga ba, tare aka shiga da mu. Wani da suka fito da shi za su kashe, na ga leɓensa yana motsi har ƙarshe, kamar mai magana da na kusa da shi. Ɗanki bai mutu shi kaɗai ba."

Mama Kwanye ba ta yi kuka ranar da labarin Vandi ya zo ba, mutane har sun yaba mata. Yau ta yi, irin mai sauti, bakinta a buɗe, ƙafafunta cikin ruwa. Zafin bai tafi ba. Amma a ƙarƙashinsa ta ji akwai wani zaune, a ɗakin nan da ta ɗauka an kwashe, kuma da alama bai taɓa fita ba.

Da Gloria ta goge mata ƙafa, ta miƙe za ta ja baya, don ta riga ta koyi kada ta jira runguma. Mama Kwanye ta cafko ta. Ƙashi ne kawai a cikin rigar. A kan benci wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka kau da fuska, Mama Kuve tana ta gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Zuciyar coci ba ta juya a ranar ba, kada a yi ƙarya.

Bayan an ci Jibi an tashi, Gloria ta nufi ƙofa ita kaɗai, kamar kullum. Mama Kwanye ta bi ta da jiƙaƙƙen tawul a hannu.

"'Yata. Ki tafi da wannan ki wanke, ki kawo mini Lahadi mai zuwa. Kar ki ba kowa saƙo, hannu da hannu nake so."

Gloria ta daɗe tana kallon tawul ɗin. Ta dubi titi, inda keke ke jiran fasinja, ta sake dubansa.

"Ƙullin kayana yana bakin ƙofa, Mama," ta ce.

"Na sani. Na sani tun jiya, kuma duk da haka na sayi daron."

Gloria ta miƙa hannu ta karɓa.