Gawayin Baba

Auta ta ɗaga gawayin da awartaki ta duba ƙasansa. Gefe ɗaya ya yi ja, sauran biyar baƙi ƙirin kamar yadda suka fito daga kwali. Ta mayar da shi kan murhun gas, ta ƙara wuta, ta leƙa taga ko motar Yaya, babban wanta, ta shigo layin. Ƙarfe uku ne na yamma, shi kuma ba ya rufe kantin maganinsa sai biyar.

Mako biyar ke nan da ta kulle shagon ɗinkinta ta dawo gidan mahaifinsu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan babbar mota, wanda in ya yi gyaran murya a ƙofar gida maƙwabta ke sanin ya dawo, yanzu sai dai ya buga hannun kekensa na marasa lafiya in yana son abu. Kwana uku da suka wuce ya rufe baki ga abinci. Ko ruwa sai da lallashi. Yaya ya ce in aka kai gobe haka, asibiti za su koma a zura masa robar abinci ta hanci.

Abin da Baba ke so ba ɓoyayye ba ne. Tun safe idonsa na kan saman kabad, inda Yaya ya jefa shisharsa ranar da aka sallamo su. Likita ya faɗa a gabansu duka: ko warin taba kada ya sake shaƙa.

"In na haɗa maka, za ka ci abinci?" ta tambaye shi da rana, bayan ta mayar da cokali na shida cikin kwano.

Ya lumshe ido sau ɗaya. Ita ce ta yi tayin, kuma tun kafin ta rufe baki ta yi da na sani.

Ba ta taɓa haɗa shisha ba. Ta dai sha ganinsa yana yi tun tana yarinya. Ta zuba ruwa a kwalbar, ta cusa taba a ɗan kaskon da ke sama, ta rufe da takardar ƙarfe ta huhhuda da allura. Gawayin ne ya gagare ta. Ƴan dunƙulen murabba'i ne na ɓawon kwakwa, masu tauri kamar dutse. Baba ba ya yarda da mai kamawa da ashana, wai ɗanɗanon fetur gare shi.

Ta gaji da jira, ta ɗauki guda biyu haka nan ta kai ɗaki ta ɗora. Baba ya dubi gawayin, ya dube ta. Bai ko miƙa hannu ga tiyon ba. Ya buga hannun keke da ƙarfi har kofin da ke gefe ya girgiza.

"Ai ya kama, Baba. Ga ja nan."

Ya sake bugawa, ya nuna ƙofa da haɓa.

Ta tura kekensa har bakin kicin, ta koma ta kwaso shishar da gawayin. Rabon da ya bar ɗakinsa tun ranar da suka dawo. Ta buɗe tagogin duka, ta mayar da gawayin kan wuta, ta tsaya riƙe da awartaki. Ya ɗaga yatsu uku. Ta ƙara guda ɗaya. Bayan ɗan lokaci ta kai hannu za ta sauke, ya yi gurnani, ta janye. Suka zuba wa murhun ido su biyu. Jan ya fara hawa gefen gawayin a hankali, har ya kai rabi.

"Juya."

Awartakin ya kusa suɓuce mata. Muryar ta fito a shaƙe, harshen ya yi nauyi, amma kalmar ta fita sarai.

"Baba, me ka ce?"

Bai maimaita ba. Ya harare ta irin hararar da yake yi wa mai koyon tuƙi, ya nuna murhun. Ta jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na hana ta gani sosai. Ta so ta ɗauki waya ta kira Yaya a take. Sai ta tuna abin da za ta ce masa suna yi.

Sai da kowane gefe ya yi ja zur, ba sauran ɗigon baƙi, sannan ya gyaɗa kai. Ya sa ta karkaɗe tokar, ya sa ta jera su a bakin kaskon, ba a tsakiya ba. Da ta miƙa masa tiyo ya ture, ya nuna murfin ƙarfe mai huji da ke cikin kwalin. Ta kifa a kai. Suka sake jira, har ƙamshin tabar ya fara tashi.

Ya karɓi tiyon da hannun hagu ya kai baki. Ya ja. Ruwan kwalbar bai motsa ba. Leɓensa na dama ba ya rufuwa, iskar ta nan take shiga. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta miƙe, yawu ya gangaro masa a haɓa. Ya sauke tiyon a cinya, ya kau da kai wajen bango.

Auta ta daɗe a tsaye. In ta bar shi haka, ta cika alkawari, kuma hayaƙi bai shiga ƙirjinsa ba. Babu wanda zai ga laifinta. Ta dubi kafaɗunsa da suka zube a cikin riga.

Ta durƙusa, ta goge masa haɓa da gefen mayafinta, ta mayar masa da tiyon, ta sa yatsu biyu ta matse gefen bakin da ya saki.

"Ja a hankali."

Ruwan ya yi gurgur. Farin hayaƙi ya cika kwalbar, ya fito masa ta hanci. Ya ja sau huɗu, ya yi tari, ya ja na biyar, sannan ya ture da kansa. Da ta kawo shinkafa mai laushi da romo, ya buɗe baki ba gardama. Cokali tara ya ci.

Tana cikin ba shi ruwa Yaya ya yi sallama. Yau ya rufe kanti da wuri don ya shirya takardun asibiti. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya shaƙi iskar, idonsa ya sauka kan shishar.

"Zo nan," ya ce mata.

A baranda ya rage murya, abin da ya fi tsawa ciwo.

"Kin san hawan jininsa nawa ne jiya? Kin san abin da hayaƙin gawayi kaɗai yake yi wa mai irin ciwonsa? Kashe shi kike so ki yi?"

"Ya ci abinci, Yaya."

"Da roba ma zai ci."

"Ya yi magana."

Yaya ya dube ta kamar ta zage shi. Ya wuce ta ya shiga kicin, ya sunkuya ya ɗauki kwalin gawayin ya saƙala a hammata, ya kai hannu ga kwalbar.

"Ajiye," in ji Baba.

Yaya ya daskare a sunkuye. Mutum ne mai shekara arba'in da biyu, da ƴaƴa uku da furfura a gemu, amma a hankali ya mayar da kwalin inda ya ɗauke shi. Ya durƙusa gaban keken, ya riƙe hannun da ya shanye. Baba ya ɗora masa hannun hagu a ka, sannan ya janye.

Da zai tafi, Auta ta raka shi har mota. Ya daɗe yana juya makulli a hannu.

"Zai iya sake faɗuwa," ya ce. "Shanyewa ta biyu ba ta zuwa da sauƙi."

"Na sani."

"To me za ki yi?"

"Kai ne babba. Ka faɗa mini."

Ya buɗe ƙofar mota ya zauna, bai dube ta ba.

"Ni ban ga komai ba. Ki dai riƙa auna shi safe da yamma."

Ta bi motar da kallo har ta sha kwana. Ya bar mata abin a hannu, kamar yadda ya bar mata wanka da wanki da juya shi a gado.

Ta koma ta tsoma garwashin cikin ruwa, suka yi cuu suka mutu. Tana wanke kaskon ta ji tari ya sarƙe Baba. Ta kashe famfo ta tsaya cak, hannunta cikin kumfa, tana saurare. Tarin ya ja lokaci, ya lafa, ya dawo, sannan ya tsaya. Ta fito da sauri ta same shi yana haki, idonsa ya yi ja, amma kansa a ɗage, yana kallonta.

"Gobe," ya ce.

Ta ɗauko abin awon jini ta naɗa masa a dantse, ta danna. Ta jira lambobin suka tsaya, ta karanta, ta juya fuskar na'urar don kada ya gani.

"Allah ya kai mu, Baba," ta ce.