Mutumin Kan Rufin Otal

Dogo yana tsaye a shagon kayan famfo yana juya wani sabon kan famfo a hannu, yana duba ko zai yi, sai mai shagon ya miƙo masa waya ta saman kanta.

"Duba nan, Dogo. An gano shi."

"An gano wa?"

"Wanda ya harbe Hedimasta mana. Na ainihin, ba mahaukacin nan da suka liƙa wa ba."

Kwana tara ke nan da aka harbe jagoran 'yan adawa, wanda kowa ke kira Hedimasta saboda shekarun da ya yi yana shugabantar makaranta kafin ya shiga siyasa. Yana tsakiyar jawabi a babban dandalin gari aka kayar da shi. Gwamnati ta ce wani mai taɓin hankali ne ya yi aikin shi kaɗai, daga cikin taron. Kwana biyu da kama shi aka ce ya mutu a hannun hukuma. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara yarda da ko kalma ɗaya da ta fito daga rediyon gwamnati.

Dogo ya karɓi wayar. Hoton daga nesa aka ɗauka, duk ya yi dishi-dishi. Rufin otal ɗin nan ne mai hawa huɗu da ke kallon dandalin. Ga baƙaƙen tankunan ruwa guda biyu, ga wani dogon mutum a gefensu da wani abu mai tsawo a kafaɗa. An zagaye shi da jan layi, an rubuta a ƙasa da manyan baƙi: WANE NE WANNAN?

Abin da ke kafaɗar mutumin bututun ruwa ne, kuma a wannan shagon ya saye shi.

"Ka ga bindigar?" in ji mai shago. "Irin mai madubin nan ce, da ake harbi da ita daga nesa."

Wani tsoho mai fenti da ke jiran a auna masa ƙusa ya ce, "An ce daga ƙasar waje aka ɗauko shi. A ranar ya hau jirgi."

"Ina!" in ji mai shago. "Sun riga sun kashe shi. Su bar shaida a raye?"

Mai shago ya karɓi wayarsa, ya ƙare wa Dogo kallo, ya kwashe da dariya. "Zanƙalele ne kamar kai. Ka riƙa ranƙwafawa in kana tafiya, kar a yi kuskure da kai."

Dogo ya yi yaƙe. Ya ajiye kan famfon ya ce zai dawo, ya fita bai sayi komai ba.

Abin da ya faru a ranar ba shi da yawa, shi ya sa ma ya fi damun sa. Manajan otal ne ya kira shi, ya ce tankin sama yana ta ambaliya, ruwa har ya fara tsatsafowa ɗakunan baƙi. Wajen ƙarfe uku da rabi ya hau da kayan aikinsa. Daga can sama jama'ar dandali kamar tururuwa, lasifika tana ta amo. Bai ko tsaya kallo ba, domin shi da siyasa sai ranar jefa ƙuri'a. Ya fara aiki ke nan sai ga mutum biyu sun hauro cikin kayan gida, ɗaya da doguwar jaka a hannu. Gajeren cikinsu ya nuna masa wani kati da sauri, ya mayar aljihu.

"Malam, sauka. Harkar tsaro ce."

Ya roƙe su minti biyu, ya ɗaure bakin bututun da roba, ya tattara kayansa. Yana kan matakala a hawa na biyu ya ji ƙarar. Sau uku. Biyu daga nesa, ɗaya kuma mai nauyi, kamar a saman kansa. Ko kuwa amsa-kuwwar matakalar ce ta ruɗe shi? Kwana tara yana yi wa kansa wannan tambaya. Ai dama a irin wannan taro akan ɗora jami'ai a kan rufi don su yi gadi. Wataƙila mutanen kirki ne. To amma me ya sa kakakin gwamnati ya fito a talabijin ya rantse cewa babu ko mutum ɗaya a kan kowane rufi a ranar?

Matarsa kaɗai ya faɗa wa. Ta ce, "Baki shi ke yanka wuya, Baban yara. Ba ka je ba, ba ka gani ba."

Daga shagon ya nufi otal ɗin a ƙafa, yana bin gefen gini. Duk wanda ya gani riƙe da waya sai ya ji kamar shi ake dubawa. Bai taɓa jin haushin tsawonsa ba sai yau.

Manajan bai bari ya shiga ba. A bakin ƙofa ya tare shi, ya ja shi bayan wata mota da ke ajiye.

"Me ya kawo ka?"

"Yallaɓai, ka ga hoton? Kai ka kira ni. Sunana yana cikin littafin masu shiga, da lokaci da komai. Idan aka tambaye ka..."

"Babu littafi." Manajan ya share gumi. "An zo an yage shafin ranar. Na'urar kyamarori ma sun ɗauke. Ni ban taɓa kiran ka ba, kai ma ba ka taɓa yi mana aiki ba. Ina da iyali, Dogo."

"Ni ma ina da su."

"To ka je wajensu." Ya juya ya shige, mai gadi ya ja ƙofa.

Da ya isa gida, abin da ya fara lura da shi shi ne shiru. Matarsa ɗinki take yi, kuma a irin wannan lokaci ƙarar kekenta har titi ake jiyowa. Ya same ta zaune a gaban keken, hannuwanta a cinya. A kan tebur ga kofin ruwa an sha rabi, ga wata farar takarda an danne da almakashi.

"Mun yi baƙo," ta ce. "Bai fi minti ashirin da fita ba."

"Wane ne?"

"Bai faɗi suna ba. Mutum mai fara'a, har da cire takalmi a bakin ƙofa. Ya tambayi lafiyar Auta, ya ce ya ji tana fama da tari. Ya yaba makarantar da muka sa babbar 'yarmu, ya ce malamar ajinsu tana da kirki." Ta ɗago ta dube shi. "Baban yara, wa ya faɗa masa Auta tana tari?"

Dogo ya zauna a bakin kujera. Ya zaro takardar. An buga ta da na'ura, layi biyar kacal. Cewa shi mai gyaran famfo ne, shi ne a hoton, shi kaɗai ne a kan rufin daga farko har ƙarshe, bai ga kowa ba, kuma harbi biyu ya ji. An bar masa wurin sa hannu. A ƙasa an rubuta lambar waya da biro.

"Ya ce ka kira kafin ƙarfe huɗu. Za su zo su ɗauke ka, ka karanta a talabijin, a wanke ka. Wai taimakonka suke son yi."

"In na karanta, shi ke nan ai. Kowa ya san bututu ne."

"Wa zai yarda?" Ta ɗauko wayarta ta miƙa masa. "Sau uku Yaya yana turo mini hoton nan tun safe. Saurari abin da ya ce."

Yayanta, wanda ya aurar masa da ita, wanda yake zuwa kowane ƙarshen mako ya ɗauki yara a kafaɗa, yana cikin masoyan Hedimasta na gani-kashe-ni. Muryarsa ta fito daga wayar a dishe, irin ta wanda ya sha kuka: "Ƙanwata, ki tura wa duk wanda kika sani. Wallahi ranar da muka kama shi ba za mu kai shi wurin 'yan sanda ba."

"Da ba a ga fuskarka ba ke nan," ta ce. "In gwamnati ta fito da kai ta ce kai mutumin kirki ne, ai ta sa maka hatimi ke nan. Sai a ce biri ya yi kama da mutum. Bayan nan kuma, su da kansu, me za su yi da kai in sun gama? Mahaukacin nan kwana nawa ya yi a hannunsu?"

"In na ƙi sa hannu fa?"

Daga ɗaki Auta ta yi tari a cikin barcinta, su biyun suka juya suka kalli ƙofar.

"Ke kika ce in yi shiru."

"Na ce. A lokacin shirun yana da amfani." Ta goge ido da bakin mayafi. "Iyalan Hedimasta sun buɗe ofis a kan titin kotu, da lauyoyinsu. Kullum suna sanarwa, duk wanda ya ga wani abu ya je. Ni dai ba zan ce ka je ba, ba zan ce kar ka je ba. Amma in za ka fita, zan kwashi yara mu tafi gidan ƙanwarka, ba gidan Yaya ba."

Agogon bango ya nuna biyu da kwata. Dogo ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu.

A cikin bas ya zauna a kujerar baya, ya sunkuyar da kai, gwiwoyinsa suna tokarar kujerar gaba. Hirar ita ce dai. Wata mata ta ce likitan da ya duba gawar ya gudu da iyalinsa. Wani ya ce ƙarya ne, jiya ya gan shi yana shan mai. Kwandasta ya ce shi ya san komai, 'yan jam'iyyar Hedimasta ne da kansu suka sayar da shi. Aka yi masa caa. Wani dattijo kusa da Dogo ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Malam, kai ba ka ce komai ba."

"Haƙori ke damu na, Baba."

"Ayya, sannu. Ka sa kanumfari."

Ofishin a saman wani kantin magani yake. Mutane sun cika benci har matakala, kowa da labarinsa a baki. Aka ba Dogo lamba, ya jingina da bango. Ƙarfe uku ta wuce. Uku da rabi. Wayarsa ta yi rawa a aljihu, lambar da ke jikin takardar ce. Ya bar ta har ta gaji. Ta sake, ya sake barin ta. Zufa ta jiƙa masa baya. Sau biyu yana juyawa zai sauka, sai ya tuna babu inda saukar za ta kai shi.

Huɗu saura kaɗan aka kira lambarsa.

Ɗakin ƙarami ne, fanka tana juyawa da ƙyar. Wata lauya mai tabarau tana zaune a bayan tarin takardu, ko ɗago kai ba ta yi ba. A kusurwa, kan kujerar roba, ga wata dattijuwa siririya ta rungume jaka. Dogo ya gane ta daga hotunan jarida: matar Hedimasta ce.

"Me ka gani?" in ji lauyar.

Ya matso gabanta. "Ranki ya daɗe, ni ne... ni ne mutumin da ke kan rufin otal."

Lauyar ta yi ajiyar zuciya, ta cire tabarau ta murza idanu.

"Kai ne na huɗu yau. Jiya biyar suka zo. Ɗaya ya ce aljanu ne suka ɗora shi, ɗaya yana son mu fitar da shi ƙasar waje, sauran kuwa ina zargin turo su ake yi don a ɓata mana lokaci. Malam, ka ji tsoron Allah. Mutane na jira."

Dogo ya ji wani sanyi ya ratsa shi, irin wanda bai ji ba tun safe. Ashe haka abin yake da sauƙi. Ya zo, ya faɗa, ba a yarda ba. Babu wanda zai ce ya ɓoye gaskiya. Sai ya koma cikin jerin mahaukata tara, ya sauka matakala abinsa. Har ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya kama hannun ƙofa.

"Ɗana."

Dattijuwar ce. Muryarta a hankali, kamar ta wadda ta yi tambayar nan har ta haddace ta.

"Duk wanda ya ce yana can sama sai na tambaye shi. Da maigidana ya faɗi ƙasa, ya daɗe yana motsi? Kowannensu da abin da yake faɗa mini. Kai me ka gani?"

Dogo ya dube ta. Da ya ce mata nan take ya cika, bai sha wahala ba, da ta yi masa godiya ya tafi.

"Ban gani ba, Mama," ya ce. "Wallahi ban ga faɗuwarsa ba. An riga an sauko da ni kafin a yi harbin."

Lauyar ta mayar da tabarau a hankali, ta ɗago ta dube shi sosai a karon farko.

"Wa ya sauko da kai?"

Wayar ta sake rawa a aljihunsa. Dogo ya saki hannun ƙofar, ya jawo kujera ya zauna.